Godiyar Kaka a Ƙasar da Ba Mu da Gona

Shugaba, Rabaran, dattawanmu, iyayenmu mata na Zumunta, 'yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da mu. Waɗanda suka tashi daga aikin kwana suka zarce nan ko runtsawa ba su yi ba, sannunku da ƙoƙari.

Da a Kagoro ko Biliri muke yau, da gaban majami'a ya cika da dammunan dawa, buhunan masara, doya, har da kaji a ɗaure, ana rera waƙa ana shigo da su. Mu a nan Ingila ba mu da ko kunya ɗaya ta gona. Na kuma san akwai wanda ya shigo ɗakin nan yana tambayar zuciyarsa, a shekara irin wannan godiyar me zan yi?

Yana da dalilin tambaya. Tun 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 11 cikin ɗari, da yawanmu sai mun yi lissafi kafin mu kunna hita a tsakiyar hunturu. A watan Maris na 2024 aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalinsu, ga uwa a nan, ga 'ya'ya a Jos. Wasu kamfanin da ya ɗauko su ya rasa lasisinsa, aka ba su kwana 60 su sami wani ko su tattara. A gida kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, dalar da take wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, waya ba ta daina ƙara ba: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, kuɗin taki. Ga kuma makokin da bai huce ba na Bokkos da Barikin Ladi, inda aka kashe mutum fiye da ɗari a jajibirin Kirsimetin 2023.

Manzo Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, ko a ƙoshe ko da yunwa. Wannan kowa ya haddace. Abin da muke tsallakewa shi ne dalilin wasiƙar. Godiya yake yi musu, domin sun haɗa gudummawa sun ba Abafaroditas ya kai masa har inda yake tsare, har ya ce sun kyauta da suka yi tarayya da shi cikin wahalarsa. Ashe mutumin da ya koya mana wadar zuci bai ji kunyar karɓar taimako ba, ikilisiyar ma ba ta ce masa ai kai mai bangaskiya ne, sai ka yi haƙuri ba. Annabi Habakuk da ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya zama wayam, zai yi murna da Ubangiji, shi ne ya buɗe littafinsa da kuka yana tambayar Allah har yaushe. Allah bai tsawata masa don ya yi kuka ba, amsa ya ba shi.

A ganina, abin da ya fi tsada cinye mana wadar zuci a ƙasar nan shi ne gasa. Wane ya ɗora hoton sabuwar mota a Facebook, wance ta kai gininta linta a Abuja, sai mutum ya ƙara wa kansa aiki dare da rana har 'ya'yansa su daina ganinsa a farke, sujada kuwa sai ta waya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, iyayenmu ba su yi ƙarya ba. Gasar nan ce kuma take sa mu ɓoye. 'Yar'uwa za ta hau bas ta tafi wata unguwa mai nisa ta karɓi abincin agaji don kada wani namu ya gan ta, ranar Lahadi ta ɗaura ɗankwali ta zo ta ce mana lafiya lau. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin da ta san za mu rufa mata asiri, da wurinmu za ta fara zuwa.

Kada kuma wani ya fake da godiya ya sa ku haɗiye zalunci. In ana zaftare maka awoyin aiki, ko an riƙe maka fasfo, ko ana yi maka barazana da biza, dokar ƙasar nan ta hana, ka zo mu raka ka inda ya dace.

Saboda haka ina roƙon shugabanni, baikon godiyar yau ya shiga asusun taimakon gaggawa, a fara da waɗanda kwanakinsu 60 suke tafiya. Duk wanda ya san inda ake ɗaukar ma'aikata, ya ga sakatare kafin ya fita. Wanda kuma gidansa babu na cefane a makon nan, ya ja ɗaya daga cikin iyayenmu mata gefe ya faɗa mata, maganar ba za ta wuce tsakaninsu ba. Rabaran, sai ka zo ka yi mana addu'a a kan baikon. Na gode.