Daga Toka Zuwa Yuraniyom: Hira Kan Mallakar Ƙirƙira

Nasiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Daga Agege muke magana da ku yau, ruwa ya ɗan tsagaita. Ina tare da Malam Sabi'u, wanda ya daɗe yana koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare nan Legas, da Hajiya Rabi mai sana'ar yaji da kauɗar tumatir. Hajiya, ke kika kawo maganar yau, sai ki buɗe mana.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Nasiru. Malam, ina wuni? Abu ne da ya tsaya mini a rai tun bara. Kun san idan kaka ta yi, motoci sun cika kasuwar Mil 12, kwandon tumatir har rokon ka ake ka saya. A gida Arewa yanka shi kawai za ka yi ka shanya a tabarma, kwana kaɗan ya bushe ƙayau. A Legas kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ka shanya yau, jibi ka tarar ya yi funfuna. Sai na samu wani mai walda, muka zauna kusan wata uku muna gwaji, muka haɗa wata akwatin ƙarfe mai faranti takwas, murhun gawayi a ƙasa, fanka tana tura zafi sama ba tare da hayaƙi ya taɓa kayan ba. Sau biyu muna ƙona tattasai kwando guda kafin mu gano inda za a huda ƙofar iska. Da ta yi kyau, ɗana don murna ya ɗauki bidiyo ciki da waje ya sa a Facebook. Wata huɗu ba a yi ba na ga irinta sak a kasuwa, an shafa mata fenti, an liƙa suna, ana sayarwa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Malam Sabi'u: Lafiya lau, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ɗaci gare ta, amma gara in faɗa miki: bidiyon nan ne ya kashe maganar. Abin da lauyoyi ke kira fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira, ciniki ne tsakaninki da hukuma. Ke za ki tona sirrin abin da kika ƙirƙiro a rubuce, dalla-dalla, yadda duk mai sana'ar zai iya karantawa ya yi irinsa. Ita kuma hukuma ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izininki ba har shekara 20 daga ranar da kika shigar da takarda. Sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, bai fita bainar jama'a ba kafin ranar. Dokarmu ta 1970 haka ta ce. Sassaucin da ta yi ɗan kaɗan ne, wata shida ga wanda ya nuna kayansa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi.

Nasiru: Malam, ni fa na ɗauka wannan harka ta manyan kamfanoni ce, masu jirage da kwamfuta.

Malam Sabi'u: Ko kusa. Ka san takarda ta farko da Amurka ta taɓa bayarwa a kan me? A kan toka. Ran 31 ga Yuli 1790 aka ba wani Samuel Hopkins, kuma shugaban ƙasa George Washington da kansa ya sa hannu. Dabarar mutumin ita ce ya sake ƙona tokar itace a tanderu kafin ya jiƙa ta, ya tace, ya dafa ruwan har gishirin ya fito. Da shi ake sabulu da gilashi.

Hajiya Rabi: Ikon Allah! Ai wannan ruwan toka ne. Kakata a ƙauye tukunya take hudawa, ta sa ciyawa a gindi, ta zuba tokar karan gero, ruwa yana ɗiga a kasko. Da shi take miyar kuka in babu kanwa.

Malam Sabi'u: Shi ne, Hajiya. Ilimin ɗaya ne, shi dai ya ƙara mataki guda, ya kuma rubuta. Kuma tun da kin ambaci kanwa, a kasuwannin nan ana kiran ta da sunan gishirin toka a Turance, alhali ba ɗaya ba ne. Na toka sinadarin fotasiyam ne, kanwa kuwa ta sodiyam ce, daga ƙasa ake haƙo ta wajen Tafkin Chadi da ƙasar Manga. Ina yawan gyara wa ɗalibaina wannan.

Nasiru: To a ɓangaren abinci fa?

Malam Sabi'u: Ɗauki gwangwanin tumatir ɗin da ke gasa da kauɗar Hajiya. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, shi ya gano cewa in ka rufe abinci ruf a kwalba ka tafasa, zai daɗe bai lalace ba. Gwamnatin Faransa ta ba shi faran 12,000 a 1810 bisa sharaɗin ya wallafa dabarar kowa ya gani. A shekarar nan dai wani ɗan kasuwa a Ingila, Peter Durand, ya karɓi takardar mallaka a kan yin haka cikin gwangwani, daga baya ya sayar da ita fam 1,000 ga waɗanda suka kafa masana'anta. Abin buɗe gwangwanin ma sai a shekarun 1850 aka yi masa rajista, kafin nan da guduma da kurfi ake fama.

Hajiya Rabi: Wato wanda ya sha wahalar daban, wanda ya riƙe takarda daban. Kamar ni ke nan.

Malam Sabi'u: Da ɗan bambanci, shi Appert an biya shi. Amma ciwon ɗaya ne. Haka farin magi: wani malamin jami'a a Japan, Kikunae Ikeda, ya ciro sinadarin ɗanɗanon daga ciyawar teku, ya yi rajista a 1908, shekara ta zagayo aka fara sayar da Ajinomoto. Sinadarin nan kuwa, gulutamet, yana cikin daddawarmu tun kaka da kakanni, shi ne ke ba ta wannan armashi idan kalwa ta ruɓa yadda ake so.

Nasiru: Yauwa, nan nake son zuwa. Me zai hana wani daga waje ya zo ya yi rajistar daddawa ko kilishi, gobe ya ce mu biya shi?

Malam Sabi'u: A ƙa'ida ba zai yiwu ba, don ba sabo ba ne. Amma an taɓa gwadawa da wasu. A 1995 Amurka ta ba da takarda a kan amfani da kurkum wajen warkar da rauni. Indiya ta tashi tsaye, ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna mutanenta sun daɗe suna yi, aka soke takardar a 1997. Haka aka yi da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro: ofishin Turai ya ba da takarda kan maganin funfunar shuka daga man 'ya'yanta, aka soke a 2000. Abin da ya cece su rubutu ne. Mai duba takarda a can ba zai ji abin da kakarki ta faɗa da baki ba, sai abin da ya gani a rubuce. Wannan ya sa raina ke ɓaci idan na tuna kundayen ajami na magunguna da ke jibge a zaurukan malamai, gara tana ci.

Hajiya Rabi: Mu nan gida an taɓa yin wanda ya yi nasara kuwa?

Malam Sabi'u: An yi. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan, ta samu takarda a Amurka a 1998. A cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da kike da su a shagonki. Kuma an sa sunan mai maganin gargajiyar da ya kawo asalin haɗin cikin masu ƙirƙirar, abin da ya burge ni ƙwarai. Ga kuma FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, nan kusa da mu a Oshodi, tun 1956 suke aiki kan sarrafa rogo da injin garin kwaki da kamu mai waken soya. Mutanenmu na wucewa ta gabanta kullum a danfo, ba sa leƙawa.

Nasiru: Malam, ka yi mana alkawarin nukiliya. Ni abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya ƙirƙiro abin da zai iya shafe gari, sai kuma ya je ofis ya cika fom?

Malam Sabi'u: Haka aka yi kuwa. Leo Szilard, mutumin Hangari da ke gudun hijira a Landan, shi ya fara tunanin cewa ƙwayar zarra ɗaya in ta fashe za ta iya fasa wasu, su ma su fasa wasu, abin ya yi ta ci kamar wutar daji. Ya shigar da takarda a 1934. Da ya hango abin da za a iya yi da ita, sai ya miƙa ta ga rundunar sojan ruwan Birtaniya a 1936 don a ɓoye. Ka ga a nan cinikin ya juye, takardar da aka yi don tona sirri ta zama ta rufe shi. Bayan masana sun kunna tukunyar nukiliya ta farko, wato na'urar da ake sarrafa wannan fashewa a cikinta, a Chicago ran 2 ga Disamba 1942, shi da Enrico Fermi suka shigar da wata a 1944, ba a fito da ita ba sai 1955. Dokar Amurka ma ta hana ba da takarda a kan abin da ba shi da amfani sai na makamin nukiliya.

Hajiya Rabi: Gara haka. Wannan ai ba abin ciniki ba ne.

Malam Sabi'u: Akwai wadda ta fi ba ni mamaki. A 1964 aka ba Glenn Seaborg takarda a kan sinadari sukutum, lamba 95 a jadawalin sinadarai, amerisiyom, saboda a ɗakin gwaji aka samar da shi. Ɗan ƙanƙaninsa da ido ba ya gani yana cikin wasu na'urorin da ke ƙara in sun ji hayaƙi, irin na silin otal da ofisoshi a Ikeja. Ita kuwa Marie Curie da mijinta sun ƙi yin rajistar hanyar tace radiyom, suka bar wa duniya. Daga baya sai da matan Amurka suka yi karo-karo suka saya mata giram ɗaya a 1921 don ta ci gaba da bincike. Ina girmama ta matuƙa, amma ba zan ba mai ƙaramin jari shawarar ya bi sahunta ba.

Nasiru: Mu ina abin ya shafe mu? Yuraniyom ɗin dai na san ana haƙo shi a Arlit, can Nijar.

Malam Sabi'u: Ya shafi albasar Aliero da ke tsiro a buhu kafin ta ƙare a kasuwa. Haske daga sinadarin kobal-60 yana hana albasa da doya tsiro, yana kashe ƙwarin wake, kuma abincin ba ya ɗaukar guba, kamar yadda hoton asibiti ba ya barin komai a jikinka. Muna da irin wannan wuri a Sheda kusa da Abuja. A Zariya kuma akwai ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004. Galibin tsofaffin takardun wannan fanni shekara 20 ɗinsu ta cika tuntuni, sun zama na kowa. Haka na takin zamani: Fritz Haber ya kama iskar naitrojin ya mayar da ita amoniya, aka buɗe masana'anta ta farko a Jamus a 1913. Yuriyar da ake yi a Lekki yau jikar wannan dabara ce, kuma ba wanda ke biyan magadan Haber ko kwabo, sai dai lasisin sababbin gyare-gyare.

Hajiya Rabi: Tsaya Malam. Kana nufin akwai zanen na'urorin busar da abinci da zan iya gani kyauta?

Malam Sabi'u: Dubbai, Hajiya, da zane da awo, a intanet. Google na da shafi na musamman dominsu. Wanda wa'adinsa ya ƙare, ko wanda ba a yi rajistarsa a Najeriya ba, mai waldarki na iya ƙera shi a sayar a nan, domin takarda ba ta aiki sai a ƙasar da ta bayar da ita. Wata ukun da kika yi kina ƙona tattasai, da an duba, da wataƙila sati biyu ya isa.

Nasiru: Wanda kuma yake da sabon abu, ina zai dosa?

Malam Sabi'u: Ofishin rajista yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, kuma hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira su shirya takardunsu. Amma a san wani abu: a nan magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Idan rigima ta taso, Babbar Kotun Tarayya ce za ta raba gardama. Akwai kuma kuɗin da ake biya duk shekara, in ka daina, takardar ta faɗi. Haɗin yajinki kuwa, Hajiya, kar ki kai shi ko'ina. Wanda ya ɗanɗana ba zai iya gane awon ba, to riƙe shi a ciki ya fi, kamar yadda Coca-Cola suka riƙe nasu fiye da shekara 100. Sunan kayanki da tambarinsa su za ki yi wa rajista. Na'ura ce ba ta ɓoyuwa, duk mai walda ya buɗe ta ya gama gani.

Hajiya Rabi: To ai ban zauna ba bayan abin ya faru. Wadda suka kwafa tana da aibi, farantin ƙasa yana rigan na sama bushewa, sai ka yi ta juyawa cikin dare. Yanzu mun gano maganin abin. A bayan akwatin muka sa wani...

Malam Sabi'u: Hajiya, dakata! Ana naɗar muryarmu.

Hajiya Rabi: Innalillahi! Ka ga na kusa maimaitawa.

Malam Sabi'u: Wa ya gani ban da ke da mai waldar?

Hajiya Rabi: Babu. Tana ɗaki a kulle, ɗana ma ban bar shi ya shiga da waya ba.

Malam Sabi'u: Madalla. Shi mai waldar ku rubuta yarjejeniya, a san rabon kowa, don shi ma da hannunsa a ciki. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da takarda da abin awo mu zana ta, mu duba ko wani ya riga ku.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri, Malam. Ka zo bayan La'asar, lokacin na dawo daga kasuwa.

Nasiru: Masu sauraro, a nan za mu dasa aya, ga hadari ya sake haɗowa ta wajen Ikeja. Wanda ke da tambaya ga Malam ya turo saƙon murya, amma kar ya bayyana mana yadda na'urarsa ke aiki. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.