Zariya: Garin da Jami'arsa Ta Tsiro a Gona

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a Zariya zai sauka.

Duk manomin da ya taɓa shiga shagon mai sayar da iri a Funtuwa ko Gusau ko Gombe ya ga waɗansu haruffa a jikin leda. SAMMAZ a kan masara, SAMSORG a kan dawa, SAMPEA a kan wake, SAMNUT a kan gyaɗa, SAMCOT kuma a kan auduga. Wasu sukan zaci sunan wani kamfani ne na ƙetare. To, haruffa ukun nan na farko, SAM, Samaru ke nan, Samarun Zariya. Wato manomin da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, kowace damina yana binne sunan unguwar jami'a a cikin ƙasarsa, ya jira ruwa.

Na fara da wannan ne saboda idan aka ambaci Zariya, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne boko da allo. Gaskiya ne kuwa. Sai dai akan manta cewa gona ta riga jami'a zuwa Samaru da shekara 40 cur. A 1922 Turawan mulki suka kafa tashar binciken aikin gona a can, hankalinsu kuwa yana kan auduga da gyaɗa, kayan da jirgin ƙasa zai kwasa zuwa bakin teku. Jami'ar Ahmadu Bello sai a ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe ta, ta tarar da tashar nan da filayenta na gwaji, ta rungume ta. Ita ce Cibiyar Binciken Aikin Gona da ake kira IAR a yau.

Bari mu ɗan zaga garin tukuna, domin wanda bai san shi ba. Zariya tana kan hanyar Kaduna zuwa Kano, kimanin kilomita 80 daga Kaduna. Ba ta kai Kano cika da hayaniya ba, ba kuma fadar gwamnati ba ce kamar Kaduna, amma ta wuce a kira ta ƙaramin gari. A zahiri ma garuruwa ne da aka ɗinke. Akwai Birni, cikin ganuwa, da ƙofofinsa irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, inda fadar Zazzau take, inda zaurukan malamai suka daɗe suna karɓar almajirai daga nesa tun kafin a san wani abu wai shi boko. A nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, ginin da masana gine-gine suka yi ta zuwa kallo, wanda wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Akwai Tudun Wada, akwai Sabon Gari da ya taso bayan layin dogo ya ratsa garin ya isa Kano a 1911, ya jawo Yarbawa da Ibo da sauran ma'aikata da 'yan kasuwa. Akwai Wusasa a gindin dutsen Kufena, mazaunin mishan, inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. Sai Samaru can gefe a kan hanyar Funtuwa, fiye da kilomita goma daga Birni.

Makarantun kuwa, in aka ce za a lissafa su lokacinmu zai ƙare. Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a 1949, bayan ta zauna a Katsina da Kaduna, kuma Gowon da Murtala Muhammad duk sun zauna a ajinta. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama tana nan tun 1964. Ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya, wadda a da kwaleji ce, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga barikin da ake horar da kuratan soja. Mu ma'abota Hausa muna da bashi na musamman a wuyanmu, domin daga Zariya jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, kuma har gobe akwai unguwar da ake kira Gaskiya saboda maɗabar da aka kafa a wurin.

Yanzu mu koma gona, don can ne zancen yake da nama.

Ƙasar Zazzau ƙasa ce mai samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 ko ɗan fiye a shekara, daga wajajen Mayu zuwa farkon Oktoba. Ruwan ya ishi dawa da masara da auduga, fadamun kogin Galma kuma suna ba da rake da tumatir da albasa da rani. Shekara da shekaru masu bincike a Samaru suna fitar da shawara iri ɗaya ga manomi: ka shuka abu guda a gona guda, layi-layi, ka shuka audugarka da wuri. Manomi ya ce to, ya koma gida ya ci gaba da yadda ya gada, gero da dawa da wake a gona ɗaya, shukar gicci, auduga kuwa sai ya gama da abincin gida sannan ya waiwaye ta. Aka yi ta cewa taurin kai ne da jahilci.

A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma a jami'ar, David Norman, da abokan aikinsa suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun farko. Suka zaɓi ƙauyuka uku na kusa da Zariya, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka riƙa bin manoma gida-gida a kai a kai, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona, da hannu nawa suka yi shi, da abin da aka girba. Da aka tattara lissafi sai ga shi manomi ne ke da gaskiya. Abin da ya fi yi masa ƙaranci ba fili ba ne, hannun aiki ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noman farko da maimai suke haɗuwa masa a ka. Idan ya haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya, noma ɗaya ya wadatar da su duka, abin da yake samu a kan guminsa ya fi yawa, kuma in ruwa ya yi gardama gero ya kasa, dawa ko wake za su rufa masa asiri. Wannan bincike na ƙauyukan Zazzau yana cikin ayyukan da suka sauya tunanin masana aikin gona a ƙasashe da dama, har aka fara koyar da cewa a fahimci tsarin manomi kafin a kawo masa gyara. A ganina, a duk darussan da aka bayar a Samaru, da wuya a sami wanda ya fi wannan daraja, kuma malaman da suka bayar da shi ba su da digiri ko ɗaya.

Wannan ba ya nufin manomi ba ya karɓar sabon abu. Dattawa sun san lokacin da masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da ɗanyenta kafin hatsi ya nuna. Daga shekarun 1970, da aka sami iri mai yawan yabanya, ga takin zamani da rangwamen gwamnati, ga shirin raya aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa, sai masara ta mamaye gonakin Giwa da Soba da Maƙarfi, ta ture dawa gefe a wurare da yawa. Ba a yi wa kowa dole ba. Manomi ya ga riba ya bi. Amma masara 'yar gata ce, ba ta yi sai da taki, shi ya sa duk shekarar da buhun taki ya yi tashin gwauron zabo, kukan ƙasar Zazzau yakan fi na kowa ƙarfi.

Auduga ta bi wata hanyar daban. Ita ce ta kawo Turawa Samaru, ita ta kawo injin gurza, ita ta ciyar da masaƙun Kaduna tun daga 1957. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, mai saye ya ɓace, manomi ya juya wa auduga baya. Masu bincike suna nan suna fitar da sabon SAMCOT, to amma iri komai kyansa ba ya buɗe masaƙa.

Na baya-bayan nan da ya tayar da ƙura shi ne waken SAMPEA 20-T, wanda aka amince a fitar wa manoma a ƙarshen 2019. An sauya masa ƙwayar halitta don ya jure wa tsutsar nan mai huda furen wake da kwansonsa, kuma masu binciken sun ce feshin da akan yi sau shida zuwa takwas zai iya komawa sau biyu. A farkon 2024 masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayar halitta, ta biyo baya. Akwai masu murna, akwai masu tsoro, musamman a kan lafiya da kuma wa zai mallaki iri nan gaba. Tambayoyi ne na hankali, kuma bai dace a amsa su da Turanci a ɗakin taro kawai ba. Wanda zai ci waken da wanda zai shuka shi Hausa suke ji, kuma a cikin harabar Samarun nan akwai cibiyar NAERLS da aka kafa musamman don isar da sakamakon bincike ga manoma. Amma ƙauyuka da yawa sukan shekara ba su ga ƙeyar malamin gona ba.

Shi kansa garin kalanda biyu yake bi. Akwai ta damina da kaka, wadda ke cika kasuwannin hatsi irin na Giwa da buhuna. Akwai ta zangon karatu. Wanda yake son ya san nauyin ta biyun, ya tambayi mutanen Samaru yadda suka ga 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakunan haya a kulle, mai shayi yana kallon titi, ɗan acaɓa da mai keke napep suna rabon fasinja ɗaya, mai buga takardu ya rufe inji da zane. A Abuja ana kiran abin rikicin gwamnati da malamai. A Samaru kuwa fari ne aka yi, ga ruwan sama yana zuba.

Ga kuma abin kunyar da Bazazzagi ba ya son a taɓo masa a gaban baƙo: ruwan sha. Garin da ya yaye injiniyoyin ruwa ba adadi ya kwashe shekaru da dama yana dogara da 'yan garuwa da kurarsu. An kashe maƙudan kuɗi a kan aikin ruwan Zariya, an sami sauƙi a wasu unguwanni, wasu kuwa har yanzu jarka ce famfonsu. Sannan ga matsalar tsaro da ta hana manoma da dama a yankin Giwa zuwa gonakinsu na nesa a 'yan shekarun nan, abin da ba sabon iri ko taki da zai magance shi.

Wani abu kuma yana faruwa a hankali, ba a cika kawo shi a labarai ba. Ɗalibai suna ƙaruwa, ma'aikata suna neman wurin zama, dillalan filaye suna bin gonakin da ke kewaye da gari suna yanka su fuloti-fuloti. Magada sukan duba abin da gona ke bayarwa a shekara, su duba abin da ɗakunan haya goma za su bayar, su kira mai awo. Ba wanda zai ga laifinsu. Hanwa, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan uku da aka zauna ana ƙirga giccin gero da dawa a cikinsu, yau unguwa ce a cikin Zariya, da layuka da shaguna da gidajen bulo.