Kujerun da Babu Kowa a Kansu: Lacca kan Kuɗin Ƙaramar Hukuma

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, na gode da kuka zauna har wannan lokaci.

A cikinku wa ya taɓa shiga zauren majalisar ƙaramar hukuma ranar zama, ba neman aiki ko kwangila ya kai shi ba, don dai ya ji abin da ake tattaunawa? Hannu biyu nake gani. Ban ga laifinku sosai ba, domin ajandar irin wannan zama ba ta da armashi: amincewa da rahoton zaman baya, biyan kuɗin man motar kwasar shara, sayen taya, gyaran rufin ofis, sabunta kwangilar mai yashe magudanar ruwa. Amma a cikin waɗannan ƙananan layuka ne kuɗin gari ke tsira ko ya salwanta, kuma abin da ya kawo ni ke nan.

Kasafin ƙaramin gari kashi biyu ne. Akwai na yau da kullum, wato albashi, fansho, mai, wuta da gyare-gyare, akwai kuma na manyan ayyuka irin su sabon titi ko sabon gini. Kuɗin shiga kuwa haraji ne da kuɗin lasisi da kason da gwamnatin sama ke turowa. Idan kuɗi suka gaza, albashi ba ya taɓuwa, don masu shi za su yi magana a ranar. Sabon gini ma da wuya a fasa shi, tunda da shi ake zuwa neman ƙuri'a. Sai wuƙa ta faɗa kan gyara, saboda kwalbati ba shi da baki, kuma ba a kiran 'yan jarida ranar da aka yashe kwata. Bana a ɗage, baɗi a ɗage, shekara ta uku ruwa ya cinye titin, a dawo ana neman ninkin ba ninkin abin da aka ƙi kashewa. Shi ya sa duk kansilan da ya kawo shawarar sabon gini, ina so a tambaye shi a gaban jama'a: wa zai biya mai gadi da mai shara da kuɗin wutarsa nan da shekara 10?

Bari in kai ku wani gari a jihar Illinois ta Amurka, sunansa Dixon, mutanensa wajen 16,000. A 1983 aka naɗa wata mata, Rita Crundwell, ta riƙe kuɗin garin. Kowa ya yarda da ita. A 1990 ta buɗe asusu a banki da sunan garin, ita kaɗai ta san da shi. Sai ta riƙa ƙirƙirar takardun neman biya na bogi, kamar jiha ce ke bin garin kuɗin aikin titi, kuɗin su zarce cikin wancan asusu, daga nan su tafi kiwon dawakinta, waɗanda suka kai ɗaruruwa. Shekara 22 tana yi, ta kwashe fiye da dala miliyan 53. Duk tsawon wannan lokaci, in aka nemi a gyara titi ko a ƙara wa ma'aikata albashi, amsar ita ce babu kuɗi. Masu binciken kuɗi na zuwa duk shekara, su sa hannu su tafi.

Yaya asirinta ya tonu? A 2011 ta tafi dogon hutu, wata ma'aikaciya da ke riƙe mata aiki ta nemi banki ya turo bayanan dukkan asusun garin. Sai ga asusun da babu wanda ya taɓa jin sunansa. Aka kama ta a 2012, aka yanke mata shekara 19 da wata 7 a 2013. Ku duba da kyau, ba wata dabara mai zurfi ce ta kama ta ba. Mutum na biyu ne kawai ya buɗe takardar banki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar Dixon kuwa ita ce hannu ɗaya ke rubuta bauca, ya sa hannu a caki, ya kuma karɓi bayanan banki. Raba waɗannan ayyuka uku, da tilasta wa ma'aji ya tafi hutu wani ya zauna a kujerarsa, ba zargin kowa ba ne. Kariya ce ma ga ma'aikacin kirki.

Haka zancen kwangila. Galibin dokoki sun ce idan aiki ya haura wani adadi, dole a tallata shi 'yan kwangila su yi takara. Mai son kauce wa wannan sai ya yanka aiki ɗaya gida huɗu, kowanne ƙasa da adadin. In kuka ga suna ɗaya na maimaituwa a jerin biyan kuɗi, adadin kuma kullum dab da iyaka, ku tambaya.

Na koma kan kujerun zauren majalisa da babu kowa a kansu. A garin Bell na jihar Kalifoniya, a 2005 aka yi ƙuri'ar sauya tsarin mulkin garin, mutanen da suka fito ba su kai 400 ba. Wannan sauyi ya cire wa 'yan majalisa iyakar albashin da dokar jiha ta sa. A 2010 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa manajan garin na karɓar kusan dala 800,000 a shekara, a garin da akasarin mutanensa talakawa ne. Abin na yi mini ciwo, domin waccan ƙuri'a an yi ta ne da rana tsaka, ƙofa a buɗe.

Ɗalibai, ku nake wa magana musamman. Ranar da kuka je, kada ku tsaya kan kasafin da aka karanta farkon shekara, wannan alkawari ne. Ku nemi takardar da ke jera abin da aka ware da abin da aka kashe a zahiri, layi da layi, ku fara duba layin gyara. Sannan ku tambayi shugaba a natse, cikin ladabi: ranka ya daɗe, ban da ma'aji, wa ke ganin bayanan banki duk wata?