Amsoshin Tambayoyinku: Shin Gowon Ne Ya Ba Da Bakassi?

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan birnin Jos. Yau lokaci ya ƙure mana, wasiƙu kuwa sun cika tebur, kusan dukkansu a kan rikicin iyaka tsakaninmu da Kamaru. Malaminmu na tarihi yana tare da ni. Dakta, barka da zuwa, ya sanyin gari?

Dakta: Barka kadai. Sanyi kam lokacinsa ne, sai godiya.

Mai gabatarwa: Madalla. Wani ɗalibi daga Farin Gada ya ce yana ta jin Bakassi, Bakassi, shin gari ne ko jiha? Ɗana, yanki ne na tsibirai da fadamu a bakin teku, kudu maso gabas da Kalaba, akasarin mazaunansa masunta ne, Efik da Ibibiyo da sauransu. Ka riƙa leƙa taswira mana, kana ɗalibi.

Wata Hajiya daga Bukuru ta ce ita dai a faɗa mata gaskiya, ba don man fetur aka yi faɗan ba? Hajiya, ranki ya daɗe, mai yana ciki, kifi yana ciki, hanyar jiragen ruwa zuwa tashar Kalaba ma tana ciki. Kin canka, amma ba ki canka duka ba.

To ga babbar tambayar yau. Ta zo daga Pankshin, ta zo daga Mangu, daga Unguwar Rogo, daga Gangare, har wani bawan Allah daga Nyanya a Abuja ya aiko da ita. Wai da gaske ne Janar Yakubu Gowon ya ba wa Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin, Bakassi tukuici, saboda Kamaru ta mara wa Najeriya baya a yaƙin basasa? Na Pankshin ɗin, wani dattijo ne, ya ce maganar tana ci masa rai, don Gowon ɗan Filato ne. Baba, kwantar da hankalinka. Dakta, bisimilla.

Dakta: To, ai wannan magana ba za a fara ta daga Gowon ba. Sai mun koma 1884. A shekarar ne Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarakunan tsohuwar Kalaba, kuma a shekarar ne Jamus ta kafa tutarta a Kamaru. Ka ga lokacin ana gab da zaman Balin, inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka. Ba ma a bakin teku kawai ba. Dubi Adamawa. Lamiɗo yana zaune a Yola, amma Garwa da Ngaundare da Marwa, duk ƙasar da ke ƙarƙashinsa, aka yanke aka ba Jamus. Har gobe akwai gidajen da wa yana Najeriya, ƙane yana Kamaru, kuma idan ka bi tarihin Modibbo Adama...

Mai gabatarwa: Dakta, a gafarce ni, in muka bi Modibbo Adama sai magariba. Dawo da mu Bakassi.

Dakta: Ina zuwa ai. Ranar 11 ga Maris 1913 Birtaniya da Jamus suka sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta ce iyakarsu a kudu ita ce kogin Akwayafe. Bakassi kuwa yana gabas da wannan kogi, wato ya faɗa ɓangaren Jamus. Da Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na farko, aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Birtaniya. Sai Birtaniya ta riƙa mulkin nata kason tare da Najeriya, kamar gida ɗaya. Nan ne iyakar ta ɓace wa mutane a ido, amma tana nan a takarda. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama. Arewacin wancan kason ya zaɓi Najeriya, shi ne ya zama lardin Sardauna, su Mubi da Gwoza da Gembu. Kudancin ya zaɓi Kamaru, kuma a takardun wannan ƙuri'a Bakassi yana cikin kudancin.

Mai gabatarwa: Tsaya in maimaita wa masu saurare. Takardar 1913 ce tushe. A 1913 ba a haifi Gowon ba, sai 1934. Haka ne?

Dakta: Haka ne. Amma kada mu wanke shi tas, don tarihi ba ya son haka. Gowon da Ahidjo sun sa hannu a Yawunde a 1971, sannan a Marwa ranar 1 ga Yuni 1975. Waɗannan takardu biyu iyakar ruwa suka shata, ba ta tudu ba. Sai dai layin da suka ja a cikin teku ya bi ta yammacin Bakassi, wato kamar an yarda ke nan cewa yankin na Kamaru ne. Ba a cika wata biyu ba, ranar 29 ga Yuli, aka hamɓarar da Gowon, Murtala ya hau. Daga baya Najeriya ta ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da takardar Marwa ba, don haka ba ta hau kanta ba. Da magana ta je gaban Kotun Duniya, sai ta ce a'a, shugaban ƙasa ya sa hannu, ya isa.

Mai gabatarwa: To ita Najeriya da me ta je kotun?

Dakta: Kamaru ce ta kai ƙara a Maris 1994, bayan sojojinmu sun shiga yankin a ƙarshen 1993, zamanin Abacha. Kafin nan ma, a 1981 lokacin Shagari, an kashe sojojinmu biyar a wannan ruwa, saura ƙiris a gwabza. Hujjar Najeriya biyu ce. Ta ce Birtaniya ba ta da ikon ba da ƙasar da ba tata ba, tunda kariya sarakunan Kalaba suka nema, ba sayar da ƙasa suka yi ba. Sannan ta ce mutanenmu ne a wurin, mu ke karɓar haraji, mu muka gina makarantu da ɗakunan shan magani. Abacha ma ya yi wa Bakassi ƙaramar hukuma a 1996. Kotu ta saurara, ranar 10 ga Oktoba 2002 ta ce takarda ta fi daɗewar zama a wuri ƙarfi, Bakassi na Kamaru ne.

Mai gabatarwa: Wato kamar mutum ya shekara arba'in yana noma gona, wani ya zo da takardar mallaka, alƙali ya bi takarda.

Dakta: Ka gama magana. Kuma Afirka da kanta ta ɗaure kanta, domin a taron Alƙahira na 1964 shugabanninta suka amince a bar iyakoki yadda Turawa suka bar su.

Mai gabatarwa: To Baba na Pankshin da sauran jama'a, ga amsar a taƙaice, ku riƙe ta. Ba Gowon ne ya ba da Bakassi ba. Turawan Ingila ne suka ba Jamus a 1913. Abin da Gowon ya sa wa hannu iyakar ruwa ce, kuma ta ƙara wa Kamaru ƙarfi a kotu, wannan gaskiya ne. Maganar tukuicin yaƙi kuwa, shi kansa Janar ɗin ya sha musanta ta, kuma kotu ba ta dogara da wani abu mai kama da haka ba. Ina sake faɗa, tushen 1913 ne. Don Allah a daina yaɗa abin da aka tsinta a teburin mai shayi.

Wani direba daga tashar Bauchi Road ya ce me ya hana mu ɗaukaka ƙara? Oga direba, babu ɗaukaka ƙara a Kotun Duniya. Ƙofa ɗaya ce, a nemi sake duba hukunci cikin shekara 10 in an gano sabuwar hujja. Wa'adin ya cika a Oktoba 2012, gwamnatin Jonathan ta ce ba za ta nema ba. Bakin alƙalami ya bushe.

Ga wata da ta taɓa ni. Wani mai sayar da bandar kifi a nan Jos ya ce kowa Bakassi yake kira, an manta da Darak, alhali ƙanin mahaifinsa can ya yi rayuwarsa. Dakta?

Dakta: Ya yi gaskiya, shari'ar ɗaya ce. Da Tafkin Chadi ya ja baya saboda farin shekarun 1970 da 1980, masuntanmu, Hausawa da Barebari da Shuwa, suka riƙa bin ruwa suna kafa ƙauyuka, ba su san sun tsallake layi ba. Jihar Borno ta riƙa mulkinsu ta ƙaramar hukumar Ngala. Bayan hukuncin, a Disamba 2003, aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da 30, har da Darak. Kuma ka san tafkin nan ya taɓa haɗa mu da Chadi ma. A 1983 an yi artabu a kan tsibirai, kuma wanda ya jagoranci sojojinmu shi ne Janar Buhari, lokacin yana kwamandan runduna ta uku a nan Rukuba, da yawa daga cikin tsofaffin sojojin da ke garin nan...

Mai gabatarwa: Dakta, wannan shiri ne guda, za mu ware masa rana. Mai kifi, Allah ya saka da alheri da tunatarwa.

Yanzu ga wani matashi daga Rikkos, ya cika takarda da cewa mu tura soja mu ƙwato abinmu, wai Kamaru ba ta kai mu ba. Haba ɗan samari! Kai da ka tashi a Jos, har sai an gaya maka abin da tashin hankali ke bari a baya? Iyakarmu da Kamaru ta kai kimanin kilomita 2,000, daga tafki har teku, kuma kowane taƙi akwai kasuwa da auratayya. Ni a ra'ayina, Obasanjo da Paul Biya sun yi daidai da suka zauna gaban Kofi Annan suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree ta miƙa wa Kamaru Bakassi ranar 12 ga Yuni 2006, kuma 'Yar'aduwa ya yi daidai da ya cika alkawari ranar 14 ga Agusta 2008, duk da Majalisar Dattawa ta yi ƙorafin cewa ba a kawo mata yarjejeniyar ba.

Inda raina yake ɓaci daban ne. Yarjejeniyar ta ce ba za a kori kowa ba, ba za a tilasta wa kowa sauya ƙasa ba, ba za a hana masunta sana'arsu ba. Amma dubban mutane sun kwashe kayansu sun tsallako, aka tsugunar da su a wajen Ikang cikin Akpabuyo, nesa da ruwan da suka sani. Masunci in ka raba shi da ruwa, me ka bar masa? Waɗanda suka zauna can kuma sun sha kokawa da haraji da takurawar jandarmomi. Ita jihar Kuros Riba, da Bakassi ya fita daga hannunta, ta rasa rijiyoyin mai 76 a hukuncin Kotun Ƙoli na 2012, an yi ta surutu a kan rijiyoyin, amma maganar gidaje da makarantun waɗannan bayin Allah ba ta samu rabin wannan surutu ba. Har yau sunan Bakassi yana cikin jerin ƙananan hukumomi 774 na tsarin mulkinmu. In za ka yi fushi, ɗan samari, yi a kan wannan, ka rubuta wa ɗan majalisarku.

Dakta: Kuma ka ƙara da na Darak, su ma...

Mai gabatarwa: Da na Darak, ƙwarai. Ana ɗaga mini hannu, saura minti ɗaya. Wata malamar makaranta daga Nasarawa Gwong tana tambaya ko mu kaɗai muka taɓa irin wannan shari'a. A'a Malama, Nijar da Benin sun yi a kan tsibirin Lete da ke kogin Kwara, a 2005 kotun ta ba Nijar. Mai tambaya a kan katanga tsakaninsa da maƙwabcinsa a Dilimi, Alhaji, wannan ta mai unguwa ce, ka je da dattawa biyu. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Dakta, mun gode, a gaida gida.

Dakta: Gida zai ji. Na gode.