Laccar Agege: wa ya auna ruwan da ƙasa take sha?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Toh madalla. Iyayenmu da malamai ina gaisuwa. An ce in yi magana kan bishiyoyi da lambuna da 'yan fadamun da suka rage mana a Legas, shin da gaske suna rage ambaliya, kuma ta yaya za a gane. Abu uku zan faɗa in lokaci ya bari.

Na farko lissafi ne, kar kowa ya tsorata. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka kan fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Ɗauki rufin kwano mita 10 a mita 10, a yi ruwa milimita 50, wanda a watan Yuni a garin nan ba abin labari ba ne, ka tara lita 5,000. Ina 'yan ga-ruwa? Jarka 200 ke nan 'yar lita 25, daga rufi ɗaya fa. Kura nawa Malam? Wai ya danganta da ƙarfin mai turawa. (dariya) Ruwan nan kuwa dole ya je wani wuri, ko ƙasa ta shanye, ko ya bi kwata, ko ya shigo maka ɗaki, mu kuma tsakar gida siminti, ƙofar shago siminti, har harabar masallaci mun bi da intalok.

Tun 2008 zamanin Fashola gwamnatin jiha ke gangamin dashe, har aka ware 14 ga Yuli ta zama ranar dashen bishiyoyi, ga hukumar LASPARK mai kula da lambuna, kowace shekara a faɗa mana an dasa kaza. Ni ban ja ba. Amma adadin dashe ba awo ba ne. Nawa suka rayu bayan shekara 3? Kuma layin da aka dasa su, ruwa ya rage kwana ko yana nan yadda yake?

Toh ga abin da nake so, in kun manta komai kar ku manta gwangwani. Samo babban gwangwanin tumatir, irin na masu abinci, ka yanke sama da ƙasa ya zama bututu. Kafa shi a ƙasa ya shiga kaman yatsa uku, sa rula a ciki, zuba ruwa. Zubin farko kar ka ƙirga, jiƙa ƙasa kake yi, don busasshiyar ƙasa maƙaryaciya ce, za ta zuƙe nan take ka ɗauka gwana ce. Zubi na biyu shi ne awo, duba agogon wayarka, santimita nawa ya sauka a minti 30, ka rubuta. Ka rubuta fa Alhaji, ba ka riƙe a ka ba. (dariya) Yi ɗaya a gindin bishiya inda ganye ke ruɓewa, ɗaya a inda ake faka okada, tazarar taku goma kawai, za ka sha mamaki. Ƙasar da aka tattake ta dunƙule, ko da ciyawa a kanta kusan siminti ce. Shi ya sa ganin kore da ido bai ishe ni ba. Masu bincike ma abin da suke yi ke nan, sai dai nasu zobe biyu ne na ƙarfe, ƙarami cikin babba, a cika dukansu don kar ruwan tsakiya ya tsere ta gefe. Kai ma yanke gindin tsohon bokiti ka kewaye gwangwanin, shi ke nan. Kuma da damina ake yi, ba a Janairu ba, ruwan da ya zo kan jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ke cin mutane.

Sannan Legas ba ɗaya ba ce. Nan Agege da Ikeja tudu muke, jar ƙasa, akwai zurfi. Je ka Lekki, yashi ne amma ka ɗan tona kaɗan ka tarar da ruwa, ƙasan ta riga ta ƙoshi, ina za ta sa na sama? Kun tuna Yulin 2017 da mutane ke tuƙa kwalekwale a titin Victoria Island. Can maganar ba ta shanyewa ba ce, ta wurin da ruwa zai zauna ya jira ce, fadama, ita kuma fadamar an cike ta da yashi an yi gidaje. Awon Agege ba ya aiki a Lekki, kowace unguwa da gwangwaninta.

Kar kuma in yi muku zaƙin baki. Ƙasar Sin ta fara shirin birane masu shan ruwa kaman soso a 2015, Zhengzhou na cikin waɗanda suka kashe kuɗi sosai, a Yulin 2021 ruwa ya haura milimita 200 cikin awa ɗaya, garin ya nutse har jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shuka na iya wa ruwan yau da kullum, ba irin wannan ba.

Na huɗu... au na biyu muke? Toh ko na nawa ne. Halittu, wato tsirrai da tsuntsaye da dabbobin da wuraren nan ke rayawa. Nan ma ƙirge ne, iri nawa, ba yawa ba. Kainuwar Turawan da ta rufe ruwan Ikorodu kore ce shar, amma iri ɗaya ce ta danne kowa, jiragen ruwa ma ba sa iya wucewa. Tsaya wuri ɗaya da asuba minti 10, rubuta tsuntsu iri nawa ka gani ko ka ji, balbela, shirwa, kurciya, ka maimaita duk wata. Kukan kwaɗi da dare shi ma shaida ne. Dajin Lekki da gidauniyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990, hekta 78, da birai da kadoji, ku kai yara su gani. An miƙo min takarda wai saura minti biyar. Na'am Baba?

(Wani dattijo daga Mile 12 ya ce su nasu ruwan a Oktoba yake zuwa, rana na haskawa, ba ko ɗigon ruwan sama.)

Allah ya ƙara girma Baba, wannan daban ne, ajiye gwangwanin. Naku ba na sama ba ne, kogin Ogun ne. Madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta in ta cika dole a saki ruwa, ya gangaro ta Isheri da Kara ya iso Agiliti da Owode da Ajegunlen hanyar Ikorodu. Bishiya dubu a ƙofar gida ba za ta tare shi ba, don unguwannin a makwancin kogi suke. Awonku fenti ne. Ku sami bango ɗaya da ba za a rushe ba, na masallaci ya fi, ku ja layi duk santimita 10 daga ƙasa. Ruwa ya zo a rubuta ranar da ya shigo, inda ya kai, ranar da ya janye, a ɗauki hoto da waya. Ku haɗa da ranar da aka yi sanarwar sakin ruwa, shekara biyu uku za ku san kwana nawa gare ku na kwashe buhunan albasa da shinkafa. A ba ladan littafin, shi ne ba ya fashin zuwa.