Wa ya biya kuɗin farkawar?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Duk inda ka ji an ce wata al'umma ta farka, ilimi da fasaha sun bunƙasa, ni abin da nake fara tambaya shi ne wa ya zuba kuɗi, wa kuma ya zauna ya yi fassara.

Ku duba Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Fada da manyan gari ke biyan masu fassara, kuma gwanin cikinsu Hunain ɗan Ishaƙ Kirista ne fa, shi ya juye littattafan likitan Girka Jalinus zuwa Larabci. Sannan ga takarda ta riga ta iso daga Sin ta hanyar Samarƙand, da a fata ake rubutu ai da littafi sai wane da wane.

Florence ta Italiya ma haka, 'yan banki ne, iyalan Medici. Babbansu Cosimo ya ɗauki wani malami Ficino ya ce zauna ka juye littattafan masanin falsafa Aflatun daga Girkanci zuwa Latin, ci da sha a wuyana.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce Nahda ta Masar, wato farkawa da Larabci. Mai mulkin Masar na lokacin, Muhammad Ali Basha, ba adabi ne a gabansa ba, sojoji yake so da injiniyoyi da likitoci, shi ya sa ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ ya kuma tura ɗalibai Faransa a 1826, aka haɗa su da wani matashin malamin Azhar, Rifa'a Ɗahɗawi, aikinsa kawai ya ja musu salla. To liman sai ya duƙufa koyon Faransanci, shekara 5 yana Paris, da ya dawo aka ba shi makarantar harsuna a 1835. Wanda aka tura limanci shi ya zama uban tafiyar.

Harlem a New York kuwa daban take. A shekarun 1920 baƙaƙen da suka gudo daga wariyar kudancin Amurka ne, ba su da halifa ba su da basha, sai mujallu da kuɗin wasu Turawa masu sha'awa. Duke Ellington yana kiɗa a gidan rawa na Cotton Club amma baƙar fata ba ya shiga ya zauna ya kalla. Da kasuwar hannun jari ta faɗi a 1929, masu bayarwa suka janye hannu, harkar ta fara lafawa.