Ƙwayar zarra mai nauyi biyu, yaya za ta faɗi?

Wannan da kuke gani ɗan sama jannati David Scott ne, a kan wata, a 1971. Guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan. Ya sake su, suka sauka tare. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Inda aka rikice a sharhinku shi ne nan. Einstein ya ce makamashi nauyi ne. Kunun da ke cikin filas da zafinsa ya fi wanda ya huce nauyi, da ɗan abin da babu sikelin da zai gani. Sai wasu suka ce, ashe ƙwayar zarra mai ƙarin makamashi za ta riga 'yar'uwarta sauka. A'a. Nauyi aiki biyu yake yi. Da shi ƙasa ke jan abu, da shi kuma abu ke taurin kai idan an tura shi. Ƙarin makamashi yana ƙara duka biyun daidai wa daida, sai su cinye juna.

To, ku natsu nan. A duniyar kwantum, wato dokokin da ƙananan abubuwa irin su zarra ke bi, ƙwayar zarra tana iya zama a mataki biyu na makamashi a lokaci guda. Ba ana nufin tana ɗaya mu ne ba mu san wanne ba. Duka biyun take. Wato nauyi biyu a jiki ɗaya. Ko ka gwada matakin ƙasa ya faɗi daidai, ka gwada na sama ya faɗi daidai, wannan bai ba ka tabbacin haɗin ba. Dole shi ma a jefa shi a gani.

Abin da ƙungiyar masanin kimiyya Guglielmo Tino ta yi ke nan a Firenze ta Italiya, aka wallafa a 2017. Wannan ɗan gajimaren ƙwayoyin zarra ne na rubidiyam, wani nau'in ƙarfe, an sanyaya su da hasken leza, an cilla su sama, suna dawowa ana auna su. Ba a ga bambanci ba.

Ni dai ban cika tafi ba tukuna. Tazarar makamashi tsakanin matakan biyu 'yar ƙarama ce ƙwarai, kuma nauyin da take ƙarawa ya yi ƙasa sosai da abin da na'urar ke iya hangowa. Shi ya sa ake son a maimaita da ƙwayoyi irin na ƙarfen sitirontiyam, masu tazara mai faɗi.